Dannawa Uku da Ba a Rubuta Ba

Shekara talatin da ɗaya aka yi, kullum ƙarfe bakwai saura kwata na safe, mace ɗaya ce ke buɗe ƙofar ɗakin bincike da ke ƙarshen doguwar barandar hawa na biyu. Takan ajiye jakarta a kan wata kujera mai karyayyen majingini wadda ba wanda ke zama a kanta, ta canza takalmi, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta fesa sifirit a safar hannunta, sannan ta tsaya gaban akwatin ɗumi da ake renon ƙwayoyin bincike a ciki ta yi jim, kamar mai jiran a amsa mata sallama. Ba a taɓa ganin ta buɗe ƙofar akwatin nan da ƙarfi ba. Takardun ofis suna kiranta mataimakiyar ɗakin bincike mai daraja ta biyu. Kowa kuma, daga mai gadi har Farfesa, Goggo yake ce mata. A ƙarshen watan jiya ta yi ritaya, kuma sunanta bai fito cikin waɗanda aka karrama ba. Wannan rubutu bayanin dalilin haka ne, jinjina ce kuma gare ta, ko da yake mutumin da abin ya fi shafa har yau bai gama sanin a kan me ya kamata ya fara gode mata ba.

Aikin ɗakin yana da sauƙin faɗa. An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi masu rai waɗanda ido ba ya gani, kuma babu ɗayansu da ke zaune cikin hutu: numfashi yana jan wasu, bugun zuciya yana matsa wasu, tafiya tana murɗa wasu. A ɗakin Goggo ana renon irin ƙwayoyin da ke ɗinke rauni, a cikin faranti mai rami shida. Gindin kowane rami roba ce siririya mai laushi, ƙwayoyin suna manne a samanta, an rufe su da wani jan ruwa wanda shi ne abincinsu. Akwai inji da ke zuƙo robar daga ƙasa ya sake, ya zuƙo ya sake, kamar ƙirjin mai barci. In an ja robar, an ja ƙwayoyin. Su kuma in sun ji ja, sukan ƙera furotin a cikinsu, su ƙunshe shi a 'yan ƙananan jakunkuna, su kai shi bakin bangonsu, su zubar waje cikin jan ruwan. Sai a ɗebi ruwan a auna. A gefe kuma akan ajiye farantan da ba a sa su a inji ba, ana ce musu farantan shaida, domin da su ake gwadawa a ga ko jan ya canza wani abu.

Da wankin kwalabe Goggo ta shigo ɗakin, ba ta wuce aji uku na sakandare ba. Amma waɗanda suka yi karatu a wurin sun shaida cewa takan ji warin faranti ya lalace kwana guda kafin madubin bincike mai ƙara girman abu ya nuna. Sun shaida ranar da wuta ta ɗauke tun hantsi, janareta ya ƙi tashi, ta cika kwalabe da ruwan ɗumi ta jera su a cikin akwatin, tana canzawa ɗaya bayan ɗaya har la'asar, aikin mutum huɗu ya tsira. Ba ta taɓa ba da wannan labari da bakinta ba. In an tayar da shi takan ce, "Kwalaben ne suka yi aiki, ni ɗauka kawai na yi."

Cikin ɗaliban da suka ratsa hannunta akwai wani mai shekara talatin da uku, mai mata da 'ya ɗaya, mai yawan shiru da yawan tunani. Injiniyan da ke kula da injin ne ya laƙaba masa Dakta-gobe, saboda duk lokacin da aka tambaye shi yaushe zai gama digirinsa na uku, sai ya ce an kusa. Shekara huɗu ya yi a kan tambaya ɗaya: wane irin ja ne mafi ƙanƙanta da zai sa ƙwayoyin nan su fara zubo furotin da ke haɗa tabo? Amsar da ya samu ta ba kowa mamaki. Ja ɗan kaɗan, kashi biyu cikin ɗari na tsawon robar, na minti goma kacal, ya isa ya sa furotin ɗin ya ninka sau uku a kan na farantan shaida. Ya maimaita sau goma sha tara, sau goma sha tara abu ɗaya ya fito. Ya rubuta kundinsa a kan wannan, shafi ɗari biyu da 'yan kai, ya kai wa Farfesa.

A daidai lokacin ne aka yi wa Goggo aiki a gwiwa, likita ya ba ta hutun mako shida. Farfesa ya ce a ƙara gwaji uku na ƙarshe kafin a sa ranar kare kundi. Dakta-gobe ya yi komai da hannunsa, bisa takardar ƙa'idar da ke manne a bango, layi bayan layi, bai tsallake ko ɗigo ba. Sakamakon ya fito babu komai. Farantan inji da farantan shaida suka zama kamar tagwaye. Ya sake, haka. Ya sake na uku da sabon jan ruwa da sababbin ƙwayoyi, haka.

Injiniya ya kwance injin gunduwa-gunduwa a kan tebur, ya busa kowane bututu, ya mayar.

"Injina lafiyarsa lau," in ji shi, yana goge hannu da tsumma. "Ƙwayoyinka ne suka shiga yajin aiki. Kakarsu ba ta nan, me kake so su yi maka?"

"Injiniya, ba lokacin wasa ba ne."

"To Dakta-jibi, ni abin da na gani na faɗa."

A gida ma bai sami inda zai ajiye ruɗaninsa ba. Wata safiya matarsa, malamar firamare, tana ɗaura wa 'yarsu takalmi, ta dube shi yana juya shayin da ya daɗe da hucewa.

"Baban Ƙarama, ni fa ban gane ba. In na matse lemo, ruwa yake fitarwa, ko ni na matse ko maƙwabciya."

"Ba matse su ake yi ba. Ji suke yi, sai su yanke abin da za su fitar."

"Su yanke? To ka roƙe su mana, tunda masu ra'ayi ne."

Ya so ya yi dariya, ta ƙi zuwa. Abin da ya fi damunsa shi ne ya fara shakkar idonsa. Yakan buɗe tsofaffin littattafansa ya duba lambobin da ya rubuta da hannunsa shekara biyu da suka wuce, ya ji kamar wani baƙo ne ya rubuta su. Shin ya ga abin da ya gani, ko kuwa abin da yake son gani ya gani?

Goggo ta dawo tana dogara sanda. Ta shirya faranti kamar yadda ta saba, shi ya kunna inji, shi ya auna. Ninki uku. Aka sake, ninki uku.

Da za a ce wannan ya kawo sauƙi, da an yi ƙarya. Farfesa ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya cire tabarau ya ajiye a kan kundin.

"Ka taimake ni in fahimta. Abu yana fitowa in tana nan, ya ɓace in ba ta nan. Ko dai lambobin nan ba daga faranti suka fito ba, ko kuma akwai abin da ake zubawa a farantin wanda ba na cikin takarda. Wanne ne?"

"Ranka ya daɗe, ban sani ba."

"Wannan amsar ita ce ta fi tsorata ni. Dole in kai wa kwamitin ɗa'ar bincike. Za su zauna ranar Alhamis ta uku daga yau. Za su sa a maimaita gwajin a gabansu, daga sa faranti a inji har awo. In sun ga hannu a ciki, ka san ba kundin kaɗai zai tafi ba."

Ya sani. Wanda aka kora da sunan ƙirƙirar sakamako ba ya sake shiga wani ɗakin bincike, ko da shara ce.

Da ya gaya wa Goggo, ta daɗe tana kallon hannayenta, ta juya su ciki da baya.

"Ɗana, ni ban zuba komai ba. Amma ba zan ce maka hannun nan ba ya yin abin da ban sani ba. Ka zauna ka kalle ni. Kada ka yi mini magana, ka rubuta duk abin da ka gani."

Ya kalle ta ranar gwaji, daga ƙarfe takwas da ya saba zuwa har aka kashe inji. Ya rubuta yadda take zuba jan ruwa a jikin bangon rami ba a kan ƙwayoyin ba, yadda take ɗaukar faranti da hannu biyu, har yawan takunta daga akwati zuwa inji ya ƙirga. Ya kwaikwayi duka a gwajinsa, har da ɗingishin. Babu abin da ya fito. Mako guda ya tafi a haka.

Sai ta ce, "To mu juya. Kai ka yi, ni in kalla. Amma daga farko, tun daga jajiberin gwaji, kuma ka zo lokacin da nake zuwa."

Ya zo ƙarfe bakwai saura kwata, karo na farko a shekara huɗu. Ta zauna a kan kujerarta mai karyayyen majingini, sanda a tsakanin gwiwoyinta. Ya fito da farantan da za a sa a inji washegari, ya duba su a madubi, ya ga ƙwayoyin sun shimfiɗu lafiya, ya nufi akwati zai mayar.

"Ba ka gwada robar ba," in ji ta.

"Wane gwaji?"

Ya ga fuskarta ta canza a hankali, kamar wadda ta tuna ta baro tukunya a kan wuta a wani gida mai nisa. Ta yi aikinta, ta ɗauki jakarta, ta tafi da wuri.

Washegari ta riga shi zuwa. Ta ɗauko faranti marar komai, ta sa safar hannu, ta ce ya matso. Ta sa babban yatsanta a ƙarƙashin ramin farko, ta danna robar sama a hankali, sau uku. Ta koma na biyu, sau uku. Har shida.

"Shekara ashirin da biyu da suka wuce," ta ce, "mu muke zuba robar nan da hannu a nan ɗakin, ba daga kamfani take zuwa ba. Wata rana ɗaya ta yage a kan inji, jan ruwa ya bi bututu ya shiga cikinsa. Wata huɗu inji yana kwance. Ɗalibai biyu suka rasa shekara, ɗaya bai dawo ba. Tsohon Farfesa ya tsaya a nan inda kake ya tambaye ni, wa ya duba robar? Tun ranar, duk farantin da zai hau inji sai na danna shi da safen jajiberi, in ji ko zai riƙe."

"Da na shaida?"

"Me zai kai ni danna na shaida? Ai ba za a ja su ba."

Dakta-gobe ya dafa gefen tebur. Shekara huɗu yana cewa ja ɗan kaɗan shi kaɗai ne ke sa ƙwayoyin zubo furotin. Ashe duk ƙwayar da ya taɓa ja, an riga an taɓa ta kwana guda kafin nan, da yatsan da ba ya cikin kowace takarda.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba, Goggo?"

"Kai ka taɓa faɗa wa wani cewa kana lumshe ido in za ka yi atishawa? Ban san abin faɗa ba ne. Robar kamfani ma ba ta yagewa, na sani. Hannun ne bai samu labari ba."

A nan ne ya kamata a faɗi abin da ba shi da daɗin faɗa. Lissafi ya shigo zuciyar Dakta-gobe ba tare da ya gayyace shi ba. Kwamiti zai kalli ranar gwaji ne kawai, daga ƙarfe takwas. Ba wanda zai zo jajiberi da bakwai saura kwata. In Goggo ta danna kamar kullum, ninki uku zai fito a gaban idonsu, ba wanda ya zuba komai, a wanke shi, ya kare kundinsa yadda yake, a daina ce masa gobe. Bai roƙe ta ba. Amma bai ce mata a je a faɗa ba. Ya tsaya yana kallon farantin, yana jiran ta zaɓa musu su biyu, kuma ya san abin da yake yi.

Ta dube shi, irin kallon da take yi wa farantin da ta fara jin warinsa.

"Na ga abin da kake gani, ɗana. Ni ma jiya na kwana da shi. Wata uku suka rage mini a nan. In na tafi, wa zai danna maka? Wani a wata ƙasa zai karanta littafinka ya gwada, ya ga babu, ya zauna yana zargin idonsa kamar yadda ka yi wata biyu kana yi. Ka ji daɗin zaman?"

"Za su ɗora miki laifi."

"Ai nawa ne."

"Ba kundina kaɗai ba ne, Goggo. Duk wanda ya yi aiki da injin nan tun shekara ashirin da biyu."

"Na ƙirga su jiya. Goma sha ɗaya ne, har da Farfesa." Ta cire safar hannun ta jefa a kwandon shara. "Na san shi tun yana fasa mini kwalabe yana ɓoyewa a bayan firji. Zai ji haushi, ba zai mutu ba."

Ranar Alhamis ɗin, mutum biyar suka zauna a bayan dogon tebur, Farfesa a gefe. Ba a gayyaci Goggo ta yi magana ba, an kira ta ne ta jira a baranda ko za a buƙace ta. Ta ƙwanƙwasa da kan sandarta, ta shigo, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe jakarta ta fito da farantin nan marar komai. Ta yi musu abin da ta yi wa Dakta-gobe, rami shida, dannawa uku-uku, sannan ta ba da labarin robar da ta yage.

Shugabar kwamitin, wata likitar ƙashi mai furfura, ta karɓi farantin ta juya shi.

"Da wane ƙarfi kike dannawa, Malama?"

"Ranki ya daɗe, kamar yadda ake danna tumatir a kasuwa. A ji ko ya nuna, ba don a ɓata wa mai shi kaya ba."

Wani daga cikinsu ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye sauran. Farfesa ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Shugabar ta juya ga Dakta-gobe.

"Yaushe ka san wannan?"

"Kwana tara ke nan."

"Me ya hana ka zuwa wurinmu?"

"Ban san abin da nake fata ya faru ba, ranki ya daɗe. Ita ta sani."

Kwamitin ya sa aka raba faranti kashi huɗu a ƙarƙashin kulawarsa: wasu a danna a ja, wasu a danna kawai, wasu a ja kawai, wasu a bar su. Sakamakon ya ƙara ɗaure kai maimakon ya kwance. Dannawa ita kaɗai ba ta yi komai ba. Ja shi kaɗai bai yi komai ba. Sai ƙwayoyin da aka danna jiya aka ja yau, su ne suka zubo furotin ninki uku. Ke nan ƙwayar da ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da ido, tana riƙe da labarin taɓawar jiya, ta kwana da shi, ta amsa jan yau da abin da ta riƙe. A ina take ajiye shi? A bangonta, ko a zaruruwan da ke tokare cikinta, ko a jakunkunan da ta riga ta cika ta jera a bakin ƙofa tana jira? Har yau ba wanda ya sani a ɗakin. Dakta-gobe yana da zato uku, kuma kowanne yana ƙaryata ɗan uwansa.

Hukuncin ya fito bayan mako biyu. An wanke shi daga zargin ƙirƙira. An janye kundin, aka ba shi ƙarin shekara guda ya sake shi a kan sabuwar tambaya. Farfesa ya rubuta wa mujallu biyu wasiƙar gyara a kan tsofaffin ayyukansa, ya yi wata guda yana gaishe da Goggo da kai kawai. Ita kuma aka sa mata takardar gargaɗi a fayil, ta farko a shekara talatin da ɗaya, saboda ƙara mataki a gwaji ba tare da izini ba. Ƙa'idar karramawar ritaya ta ce sai mai fayil marar tabo. Shi ya sa ba a kira sunanta ba.

Goggo, a nan ne alƙalami yake rikicewa. Ke ce kika rushe aikin shekara huɗu, ke ce kuma kika hana a gina rayuwa a kan rusasshen tushe. Kuskurenki ne ya jefa Dakta-gobe cikin zargi, kuskuren nan kuma shi ne abu mafi daraja da ɗakin ya taɓa ganowa. Tsoron kada wani ɗalibi ya sake rasa shekara ne ya koya wa yatsanki dannawa, kuma dannawar ce ta ci wa wani ɗalibi shekara. Ya juya wannan a ransa ta kowace fuska, bai sami inda zai raba laifin da alherin ba. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya masa a sarari: ranar da shirunki zai amfani kowa, har da ke, kin ƙwanƙwasa ƙofar da ba a kira ki ba. Mai digiri biyu ya tsaya yana lissafi, mai aji uku ta ɗauki faranti ta sa a jaka. Uwar ɗakin ƙarshen baranda, mai hannun da ya fi takarda sani, mai bakin da ya tona hannun.

Saura tambaya ɗaya, wadda sabon kundin ya rataya a kanta: shin abin zai rayu in ba yatsanta? In sai da ita, to ba ilimi ba ne, labari ne, kuma shekarar da aka ƙara masa za ta ƙare a banza. Injiniya ya sa ta danna wani ɗan ma'auni sau ɗari biyu, yana rubuta ƙarfin, tana yi masa tsiya cewa tun da take ba a taɓa neman hannunta da naci irin wannan ba. Ya ƙera wani ɗan ƙarfe mai kan roba wanda ke danna gindin rami sau uku. A jikinsa ya manna takarda ya rubuta: Babban Yatsan Goggo, kada a ara.

Ranar da za ta tafi, an ɗan taru a ɗakin da lemon kwalba da biskit. Farfesa ya yi jawabi gajere, ya tsaya a tsakiya ya goge tabarau ya fi sau biyu, ya ƙare da cewa kwalaben da aka samu a bayan firji shekarun baya shi ne ya fasa su. Ta ce ta sani, guda bakwai ne. Kafin ta fita ta sa yatsa a ƙarƙashin ɗan ƙarfen Injiniya, ta bari ya danne ta.

"Da fushi yake dannawa," ta ce.

"Lambobinki na ba shi, kakar ƙwayoyi," in ji Injiniya.

"Lambobin ka ba shi. Ba ka gaya masa masu rai ne a sama ba."

Gwajin farko da aka yi bayan tafiyarta ya faɗo ranar Talata. Dakta-gobe ya zo jajiberi da bakwai saura kwata, ya buɗe ƙofar da kansa, ya ga kujerar nan babu jaka a kanta. Ƙarfe ya danna, washegari inji ya ja, ya ɗebi jan ruwan ya auna. Ya daɗe bai dubi lambar ba. Da ya duba, ya fita baranda ya kira ta a waya. Ya ji hayaniyar jikoki a bayanta.

"Goggo, ya fito."

"Nawa?"

"Ninki biyu da ɗigo takwas."

"Ina sauran?"

"Ban sani ba."

"To ka rubuta ba ka sani ba. Kuma ka ce wa Injiniya ya sassauta masa."

Ya rubuta. A shafi na arba'in da ɗaya na sabon kundin, a ƙarƙashin yadda aka yi aikin, akwai sakin layi da ya bayyana dannawa uku, da ƙarfinsu, da lokacinsu, da sunan wadda ta fara su da dalilin da ya sa. Wannan shafi zai daɗe fiye da takardar da ke fayil ɗinta.

Mun gode, Goggo. Allah ya ba gwiwarki lafiya, ya sa hutun ya yi miki daɗi, ya saka miki da abin da ofis bai iya ba. Ku kuma da ke aiki a ɗakunan bincike, da asibitoci, da gareji, da duk inda hannu ya daɗe yana abu ɗaya har ya daina neman izinin mai shi, ku zauna wata rana ku kalli hannayenku kamar na baƙo. Ku kuma masu zuwa ƙarfe takwas ku tarar an shirya komai, ku gwada zuwa bakwai saura kwata ko sau ɗaya ne. Akwai wanda ya riga ku taɓa aikin, kuma aikin bai manta ba.